Masu cewa "ina ma a dawo da zamanin da", ku fara shiga ramin kwal tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan ba ni fili, akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutane, manya da yara, wai rayuwar da can ta fi daɗi, babu hayaniya, kowa ya san kowa, abinci mai kyau ne, kaya masu ƙarko ne. Ni ma ban ce duk ƙarya ba ce. Amma ziyarar da na kai wani gidan tarihi a arewa maso gabashin Ingila ta sa na ga cewa yawanci rabin labarin muke ɗauka mu bar rabi, kuma rabin da muke bari shi ne wanda ya fi nauyi.

Sunan wajen Beamish, a gundumar Durham, ba nisa da birnin Newcastle. Ba irin gidan tarihin da muka saba ji ba ne, wanda za ka shiga ɗaki ka ga kaya a bayan gilashi an rubuta kar a taɓa. Wannan fili ne guda, wajen eka 350, da gonaki da tuddai, an gina gari sukutum a ciki kamar yanda garuruwan yankin suke a farkon shekarun 1900, gefe guda kuma ga ƙauyen masu haƙar kwal na wannan zamanin. Ma'aikata da 'yan sa kai duk sun sa kayan lokacin, kuma ba tsayawa suke kamar gunki ba, aiki suke yi da gaske, mai burodi na gasawa, mai alewa na dafa sukari yana murzawa a gabanka, direban taragon lantarki na kai mutane yana dawowa a kan layin da ya zagaye wajen, kusan mil ɗaya da rabi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin gine-ginen ba kwaikwayo ba ne. Daga garuruwansu aka kwance su, aka yi wa duwatsu da bulo lamba, aka kwaso aka sake tayar da su a nan. Babban kantin ƙungiyar gama kai daga Annfield Plain aka ɗauko shi, layin gidajen da likitan haƙori da lauya da malamar kiɗa suke daga Gateshead, mashayar kuma daga Bishop Auckland, makarantar firamare daga East Stanley, gidajen ma'aikatan kwal daga Hetton-le-Hole. Mutumin da ya fara wannan tunani sunansa Frank Atkinson, ya ga irin waɗannan gidajen tarihi na fili a ƙasashen Sikandinebiya a farkon shekarun 1950, daga baya ya ga masana'antun wannan yanki na rufewa ɗaya bayan ɗaya, ana zubar da kayan aikinsu a bola ko a sayar wa masu gwangwan. Sai ya ɗauki tsarin da mutane da yawa suka ɗauka hauka ne, duk abin da aka kawo a karɓa, ba zaɓe, ko tukunya ce ko injin tururi. Kaya suka taru har sai da aka cika ɗakunan wani tsohon barikin soja da su. A 1970 aka kafa gidan tarihin, a 1972 aka buɗe filin ga jama'a. Ni a ganina wannan rashin zaɓen shi ne hikimar mutumin, don da ya tsaya zaɓe to kayan masu kuɗi zai zaɓa, su ne masu kyan gani, bokitin talaka da tsumman da matarsa ta saƙa darduma da shi babu mai ajiye su.

To cikin garin kam gaskiya akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. A kantin nan na gama kai na fi daɗewa. Shiryayye har rufi cike da gwangwanaye da sabulai da yadi, ga ma'auni da duwatsun awo, komai da fam da sule da kwabo aka rubuta kuɗinsa, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, lissafin da Birtaniya ba ta bari ba sai 1971. Sannan ga wata dabara a sama, idan ka biya sai mai kanti ya zuba kuɗin a wata 'yar ƙwallon katako mai rami, ya ɗora ta a kan layi a saman kanku, ta gangara har ofishin kashiya, can a ƙirga a sako canji ta dawo. Yara suka tsaya baki buɗe, mu manyan ma haka. Matar da ke tsaron kantin ta yi mana bayanin cewa masu sayayyar su ne masu kantin, kowa na da lambarsa, duk abin da ya saya ana rubutawa, bayan wani lokaci a raba riba gwargwadon sayayyar mutum, kuma da wannan 'yar ribar uwaye da yawa ke saya wa yara takalma. Ka ga wannan abu ne da ya kamata a yi alfahari da shi, talakawa ne suka haɗa kai suka ƙwaci kansu daga masu tsawwala farashi da masu algus.

Amma ko a cikin garin ma idan ka buɗe ido za ka fara ganin ɗaya rabin. Shiga gidan likitan haƙori ka ga kujerar, da injin huda haƙorin da da ƙafa ake taka shi kamar keken ɗinki, da jerin fincina a kan tire. Mai bayani ta ce akwai 'yan matan da iyayensu ke biya a cire musu haƙora kaf a sa musu na roba kafin aure, wai don kar su zama wa miji ɗawainiya nan gaba. Wasu suka yi dariya, ni dai sai da na shafa muƙamuƙina. Kuma ka tuna duk matan nan da suka yi ado suna kai da kawowa a titi, a wancan lokacin ko guda ba ta da ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa, sai a 1918 aka ba waɗanda suka haura shekara 30 kuma suka cika wasu sharuɗɗa, sai 1928 aka daidaita su da maza.

Inda maganata take, Malam Edita, shi ne ƙauyen kwal. Layi mafi tsawo a ƙauyen nan, wallahi, na shagon soyayyen kifi da dankali ne, wanda ake soyawa da kitsen saniya a kan murhun kwal, mutane su tsaya tsawon lokaci ba gajiya suna ta hotuna. 'Yan taku kaɗan daga nan ga bakin ramin da ake kira Mahogany, shi ba daga ko'ina aka kawo shi ba, nan yake tun 1855 kuma an yi aiki a cikinsa har 1958, amma na ga mutane da yawa sun leƙa sun wuce abinsu. Ba laifin masu wajen ba ne, su sun buɗe ramin, sun sa mai jagora, sun ba da hular kwano, mu masu ziyara ne muke zaɓen abin da muke so mu gani.

Na sa hular na bi sahu. Ba a yi nisa ba rufin ya fara sauka, sai ka duƙa, kai na bugun katakon da aka tokare dutse da shi, ƙasa jiƙe, sanyi na shiga ƙashi, ruwa na ɗiga a wuya. Mai jagoran ya nuna mana gurbin da mai haƙa ke kwanciya ta gefe ɗaya yana sara da diga, wajen da ko zama ba ka iya yi sosai, sannan ya rage haske ya bar mana daidai wanda ma'aikaci ke gani da shi a lokacin. Ni da na yi 'yan mintuna bayana ya riƙe, su kuwa nan ne wajen aikinsu kullum, kuma biyan mai haƙa ya danganta da yawan kwal ɗin da ya fitar, idan aka samu dutse da yawa a cikin taragonsa a ci shi tara. A 1913, shekarar da haƙar kwal ta kai ƙololuwa a Birtaniya da tan miliyan 287, maza da yara sama da dubu 160 ne ke aiki a ramukan gundumar Durham kaɗai. Na ce yara, don dokar 1911 cewa ta yi wanda bai kai shekara 14 ba kar ya shiga ƙarƙashin ƙasa, wato ɗan 14 ya isa kenan, ya bi ƙananan dawakan da ke jan taragu a cikin duhu.

A ɗakin fitilu an jera fitilun nan masu raga da aka ƙera don kar harshen wuta ya haɗu da iskar gas, da 'yan ƙarafa masu lamba da ake amfani da su a san wa ya shiga wa ya fito. Amfanin lambar kuwa ranar masifa yake bayyana. Garin Stanley na nan kusa da Beamish, kuma a ranar 16 ga Fabrairun 1909 gas da ƙurar kwal suka fashe a ramin West Stanley, mutum 168 suka mutu, manya da yara, wasu gida ɗaya uba da 'ya'yansa. Masu bin ƙwallo za su san Kevin Keegan, to kakansa na cikin waɗanda suka tsira a ranar kuma suka taimaka wajen ceto. Wannan fa a daidai shekarun da garin alewa da taragon lantarki ke nunawa ya faru, ba wani zamani daban ba.

Sai gidajen. Daga waje gwanin sha'awa, ga ɗan lambu a gaba da kabeji da albasa, ciki ga wuta na ci a murhu, burodi na ƙamshi, tagulla na ƙyalli. Wata baƙuwa kusa da ni ta ce kai ita da za a bar ta a nan ta zauna har abada. Matar da ke kula da gidan, cikin raha dai, ta nuna mata bahon ƙarfe a rataye a bango ta ce to bismilla, amma ki sani babu famfon ruwan zafi, miji da 'ya'ya maza kowa da lokacin da yake tashi aiki, wani tsakar dare wani da asuba, kowa ya dawo baƙi ƙirin sai kin tafasa ruwa kin cika bahon nan a gaban murhu, kin ba shi abinci, kin bubbuge kayansa kin shanya, kafin ki runtsa na gaba ya shigo. Ban ɗaki kuma na can waje a tsakar gida, toka ake zubawa a ciki. Gidan ma ba nasu ba ne, na kamfanin kwal ne, da aikin aka ba da shi, idan aka kori mutum ko ya shiga yajin aiki ana iya fitar da kayansa titi, haka idan ya mutu a rami kuma babu ɗan da zai maye gurbinsa to matar na cikin zullumi. Baƙuwar nan ta yi shiru, can ta ce a'a ta fasa.

Kuma duk ƙoƙarin da irin waɗannan wurare ke yi, akwai abin da ba za su iya dawo da shi ba, kuma ba ma so su dawo da shi. Ba za su cika sama da hayaƙin da ke baƙanta wanki a kan igiya ba, ba za su kawo tarin fuka da ƙyanda da ke kwashe jarirai ba, ba za su cusa mutum goma a ɗaki biyu ba. Ma'aikacin da ya sa kayan mahaƙi ƙoshi gare shi, huhunsa lafiya lau, da yamma zai cire kayan ya shiga motarsa. Shi ya sa dole wanda ya je ya cike gurbin da tambaya. Na lura ma'aikatan ba sa ɓoye komai, amma ba sa tilasta wa kowa ji, in ka tambayi sunan alewa su gaya maka, in ka tambayi nawa ake biyan yaro a rami ko me ke faruwa da gwauruwa su ma su gaya maka dalla-dalla, har ka ga sun fi jin daɗin irin wannan tambayar.

A makarantar ma haka. Yaran yanzu na ta murna suna rubutu a allon dutse suna gara zoben ƙarfe a fili, ga bulalar malam a ajiye a kan tebur, kuma a wancan lokacin yaro na iya barin makaranta yana da shekara 12, sai dokar 1918 ta mayar da shi 14.

Don haka shawarata ga duk mai karatu da hanya ta bi da shi ta can, ko ya samu wani gidan tarihi irin wannan a wata ƙasa, ya fara da wajen aikin wahala tun da safe kafin ya gaji, ramin tukuna, sai gidajen ma'aikata, sannan ya hau tarago ya je gari ya sha alewarsa. Ya sa takalmin da zai jure taɓo, don tafiya ce mai yawa kuma ruwan saman yankin ba ya sallama. Yini ɗaya ba ya isa, ga gonar shekarun 1940, ga ɓangaren 1820, ga kuma sabon garin shekarun 1950 da suka ƙara a 'yan shekarun nan, amma tikitin na shekara guda ne, mutum na iya komawa. A ɓangaren 1950 ɗin ma ya fi kyau ka raɓi tsofaffin da suka zo ziyara, don su sun rayu a cikinsa, za ka ji suna gardama da junansu a kan ko a gidansu akwai irin wannan rediyon ko sai gidan masu hali.

Na gode da wannan fili, a huta lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku