A Bi Sawun Tsohon Layin Dogon Zariya zuwa Jos Tun Da Sauran Alamarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin hukumomi da malaman tarihi kan wani layin dogo da ya yi wa ƙasar Zazzau da ƙasar Jos hidima fiye da shekara 40, wanda a yau burbushinsa ke ɓacewa ba tare da an tashi tsaye an rubuta abin da ya saura ba.

Ina nufin ƙaramin layin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Zariya, ya kai Rahama kusa da Saminaka a 1912, sannan ya hau tsaunuka ya isa Jos da Bukuru a 1914. Tsawonsa mil 143 ne, kuma ya ratsa ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Jengre. An laƙaba masa sunan Bauchi ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba, domin a wancan zamani ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauchi. Kuza ce ta kawo shi. Kafin zuwansa 'yan dako ne ke ɗaukar kuzar a ka, su yi tafiyar kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake loda ta a jirgin ruwa, kuma kamfanonin haƙar ma'adinai sun matsa lamba a samar musu hanya mai sauƙi da araha.

Saboda neman arahar nan aka yi layin siriri, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layin da ya isa Kano a 1911 ƙafa 3 da inci 6 ne. Ma'ana, duk kayan da suka sauko daga Jos sai leburori sun sauke su a Zariya sun mayar cikin manyan taragu. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta samu hanya kai tsaye zuwa Fatakwal, ƙaramin jirgin ya koma ɗaukar fasinja da amfanin gonar garuruwan da ke kan hanyarsa, yana fama da gasar motoci, har aka rufe shi a 1957.

Wanda ya san abin da yake nema zai iya ganin sawunsa har yanzu, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona. Za ka ga tudun ƙasa miƙaƙƙe ya ratsa fadama, tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, samansa a baje, masu babur da makiyaya sun mayar da shi hanya ba su san asalinsa ba. A bakin rafi kuma akan tarar da ginshiƙin gada na dutse da aka sassaƙa aka jera da kyau, ƙarfen da ke kansa ya daɗe da tafiya, itatuwa sun tsiro a tsagoginsa suna tsattsaga shi sannu a hankali. Ba na zargin manomin da ya baje tudun don ya faɗaɗa gonarsa, ko magidancin da ya kwashi duwatsun ya yi harsashin ɗaki, domin ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin yana da wata daraja.

Gaskiya ne akwai kawunan jirgi da taragun wannan layi a Gidan Tarihi na Jos, kuma a yaba wa waɗanda suka adana su. Sai dai ƙarfe ba zai faɗi abin da ya fi damuna ba, wato labarin kakanninmu da suka haƙa ƙasar nan suka ɗebe ta a kwanduna, da yawansu an tara su ne ta hannun hakimai da dagatai, da kuma labarin waɗanda aka kwasa zuwa ramukan kuza lokacin ɗiban gwamna, wato aikin tilas, a Yaƙin Duniya na Biyu. Takardun Turawa sun ƙididdige kuɗi da nauyin kaya, amma yadda tasha ta sauya rayuwar gari, da kasuwannin da suka tsiro a gefenta, da baƙin da suka zo aiki suka zauna suka hayayyafa, duk wannan yana bakin dattawa ne. Yaron da ke da shekara 10 lokacin da aka rufe layin, yau ya doshi 80.

Don haka nake kira ga Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da takwaransa na Jami'ar Jos su haɗa kai da Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa da Hukumar Jiragen Ƙasa, su tura ɗalibai su bi layin tasha bayan tasha, suna ɗaukar hoto, suna sa alama a taswira, suna naɗar hirar tsofaffi da Hausa da sauran harsunan yankin, sannan a gwada abin da aka samu da tsofaffin takardun da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Aiki ne da bai buƙatar kuɗi masu yawa, kuma idan aka bi ta hannun masu sarauta, su za su nuna dattawan da ya kamata a fara gani da hanyoyin da ke da aminci. Ƙananan hukumomin Soba da Kubau da Lere da Bassa kuwa, ko allo ɗaya kowace ta kafa a wurin tsohuwar tasha, ɗauke da sunanta da shekarunta, zai sa mutanen gari su san abin da ke ƙasarsu su kuma kare shi. Ina fatan za a fara da hirar dattawan a ranin nan mai zuwa.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Saminaka, Jihar Kaduna