Mutumina, wa ke duba mudun masu ƙidaya?

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyi, ya karatu, ya uwargida da yara? Kai dai ka zama Bature, tun babbar sallah sai dai mu ga hotonka a status cikin wannan jibgegiyar rigar taka, ko "ya gida" babu. Inna ta ce in faɗa maka ta yi fushi ta daina tambayarka, amma ko jiya da daddare sai da ta tambaya.

Abin da ya hana ni haƙuri har na zauna rubutu, gidan sauro ne. Makon jiya aka kawo rabo, kafin la'asar ya ƙare, unguwar gabas da rugar bayan fadama ko ɗaya ba su samu ba. Mata suka yi cirko-cirko a ƙofar gidan Dagaci, yaron da ke rabon har ya ba ni tausayi, ya buɗe takarda yana rantsuwa iya abin da aka ba shi ke nan. Na karɓa na duba. Wallahi ba wanda ya zo ya ƙirga mu, ƙidayar 2006 ce ake ta ƙara mata wajen kashi uku cikin ɗari duk shekara ana cewa ga yawanmu. Yaran da aka haifa a shekarar wasu yanzu da goyo a bayansu. Mutanen da ambaliyar 2022 ta taso daga gefen Ringim suka kafa bukka a nan, har yau ba su koma ba, su a wane layi suke?

Sai na tuna labarin garinku Coventry na Ingila da ka taɓa ba ni, wanda majalisarmu ta hira ta ƙi yarda, wai mutane sun kai ƙara don an ce sun fi yadda suke yawa. Na bi na karanta, ashe gaskiyarka. Hukumar ƙididdigarsu ONS ta ƙiyasta garin da wajen mutum 379,000, mutanen yankin da 'yan majalisarsu suka ce ina, ɗalibai ne ke zuwa su gama su tafi ba a cire su, ga shi da wannan lissafin za a cinye musu filaye da gina sababbin gidaje. Abin da ya tsaya min a rai shi ne suna da inda za su kai kuka. Akwai ofishi daban, OSR, aikinsa kawai bin diddigin yadda aka yi lissafi, kuma a 2021 ya fito fili ya ce ƙiyasin garuruwa masu ɗalibai irin Coventry bai yi daidai da abin da ake gani a ƙasa ba, a gyara hanya. Da aka yi ƙidayar 2021 sai ga su wajen 345,000.

Mu fa? Kundin tsarin mulki, sashe na 213, ya ce Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta miƙa rahoto ga shugaban ƙasa, shi kuma ya kai Majalisar Magabata ta ba da shawarar a karɓa ko a yi watsi da shi, in an yi watsi ma, sashe na 157 ya ce duk kwamishinonin sun sauka. A takarda da kyau. To amma su wa ke zaune a majalisar? Gwamnoni suna ciki, kowa ya san da yawan jama'a ake raba kujerun majalisar wakilai, kuma yana cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya. Kowa lambar jiharsa zai fara dubawa, ba wanda zai tambayi yadda aka shata unguwanni ko gida nawa aka tsallake. Ko a kasuwar Maigatari ba a barin mai awo shi kaɗai ya ce mudunsa cikakke ne.

Shi ya sa rigimar ba ta ƙarewa. Ƙidayar 1962 aka soke aka sake a 1963, ta 1973 Murtala ya zo ya soke. A 2006 aka ce mu miliyan 140 ne, Kano miliyan 9.4, Legas 9.1, Jigawa 4.3, Legas ta ce ita nata lissafin ya haura miliyan 17, har kotun ƙidaya ta soke na ƙananan hukumominta 14 a 2013. Ni ba kare Legas nake ba, ka san ni, amma ranar da suka ce mun ƙirga awaki me muke da shi na nunawa in ban da rantsuwa?

Ka tuna aikinmu na 2006 ai, ni da kai da alli muna rubuta lamba a ƙyauren mutane, kai kana ta mitar rana kamar ba a nan aka yanke maka cibiya ba. Ka tuna tsohuwar nan da ta lissafa 'ya'yanta ta tsallake na fari saboda kunya, sai da kishiyarta ta faɗa mana sunansa daga bakin murhu. Da dattijon ruga da ya kora yara daji don ya zaci jangali ne ya dawo, alhali tun zamanin Rimi aka soke shi. Da 'yan ci-rani da suka cika motoci suka dawo gida don a ƙirga su a nan. Duk wannan fa kuskure ne da ke shiga lissafi, wani ya rage wani ya ƙara, kuma akwai hanyar auna shi, a koma wasu unguwanni a sake ƙirgawa a gwada da na farko. Ni dai so nake wanda zai duba wannan gwajin ya zama ba ɗan hukumar ba ne, ba kuma yaron gwamna ba, ya buga abin da ya gani kowa ya karanta.

Af, kafin in manta, ƙanenka ya kai kuɗin gaisuwa gidan Liman, biki bayan an yi girbi, an ce ka fara shirin gudummawa kuma ba a karɓar uzurin ɗalibi. Mai shayinmu ya sayi firji mai sola, yanzu gaisuwa ma sai ya ga dama. Geronka na gonar tudu ya yi kyau, na fadama ne ruwa ya ɗan kwanta masa.

Ƙidayar 2023 kuwa ka san yadda ta ƙare, an ce da na'urar hannu za a yi, yaranmu suka cike fom ta waya suna murna, ana saura kwanaki a fara a watan Mayu aka ɗage. Ni na'urar ba ta ba ni tsoro, ba ta kuma kwantar min da hankali, don abin da aka danna mata shi za ta riƙe. In mai ƙidaya bai tsallaka fadama ya je ruga ba, ita ba za ta je da kanta ba.

Dan Allah ka tambayar min malamanku, shi wannan ofishin na OSR wa ke naɗa shugabansa, wa ke biyansa, kuma in ya ce a gyara aka ƙi me ke biyo baya. Ina so in rubuta wa ɗan majalisarmu takarda, Dagaci ya ce zai sa hannu, shugaban makarantarmu ma haka. Ka turo da murya in rubutu ya yi maka nauyi, kar ka ce sai ka gama jarrabawa.

A gaida uwargida, a shafa min kan yara.

Naka,
abokinka na gida