Malam Edita, kamu fa ba hukunci ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Dan Allah a ɗan ba ni fili in amayar da abin da ya tsaya mini a rai.

Shekaranjiya a majalisarmu wani abokina ya ce duk lauyan da ya tsaya wa wanda ake zargi da sata to shi ma ɓarawo ne, kuɗinsa ma haram ne. Ban ga laifinsa ba wallahi, dan ni ma da haka nake gani, sai da abin ya ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu.

Ƙanina gyaran waya yake yi. Bara wani ya kawo masa waya a canza mata gilashi ya ce zai dawo, ashe wayar ta ƙwace ce, aka yi tirakin ɗinta har shagon. Da 'yan sanda suka zo ba ya nan sai aka wuce gida aka tafi da Baba, dattijo mai hawan jini, wai sai ɗansa ya kawo kansa. Ya kai kansa kuwa a daren. Kwana shida yana bayan kanta ba a kai shi kotu ba, aka rubuta bayani da Turanci aka ce ya dangwala, yaron da iyakarsa firamare, ga shi a bango an rubuta ɓaro-ɓaro cewa beli kyauta ne amma ana ta mana maganar kuɗin biro da takarda. Da aka kai shi kotu kuma aka tura shi gidan yari jiran shari'a, wata bakwai, yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe ba motar kawo su, jibi an ɗage zama.

Wata lauya ce daga Legal Aid, hukumar nan da gwamnati ta kafa tun 1976 dan ta tsaya wa marasa hali, ita ta fito da shi, ko sisi ba ta karɓa ba. A bakinta na fara jin cewa kusan duk abin da aka yi mana doka ta hana. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu awa 48, kuma yana da damar ya kama bakinsa har sai ya ga lauyansa. Sashe na 36 ya ce ba shi da laifi sai an tabbatar, kuma dole a gaya masa tuhumar da yaren da yake ji, a ba shi tafinta kyauta. Kama uba a madadin ɗa kuwa dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta shi, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanatawa. Dukan mutum dan ya amsa laifi ma akwai dokar 2017 da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Kai har mace tana iya tsaya wa mutum beli, mu ko an ce mana sai namiji mai gida da takardun fili. To ina amfanin baɗi ba rai, doka tana cikin littafi da Turanci, wanda aka yi ta dominsa bai ma san da ita ba.

Na sani mutane a fusace suke, masu ƙwacen waya sun addabe mu sun kashe bayin Allah, ni ma ba na so a sake su. Amma ta ya za a gane na gaskiyar in ba a bari an ji ta bakin kowa ba? Mu da muka yi kukan mafarautanmu 16 da aka ƙone a garin Uromi na jihar Edo a watan Maris na 2025 dan kawai an ce masu garkuwa da mutane ne, ba kotu ba tambaya, ai mu ya kamata mu fi kowa tsoron hukunci kan zato. Kuma malamanmu kullum suna faɗa, hujja tana kan mai ƙara ne, rantsuwa kan wanda ya musa. Aikin lauyan nan ke nan fa, ya ce a kawo hujja. Eh akwai ɓatagari a cikinsu masu jan shari'a dan kuɗi, wannan daban.

Roƙona Malam Edita, ku ware ko rabin shafi ne duk sati wani lauya ya dinga bayanin waɗannan haƙƙoƙi da Hausa tsantsa, sannan ku tura wakilinku gidajen gyaran hali ya ga yadda 'yan jiran shari'a suka fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa nesa ba kusa ba. Ku kuma tambayo mana ko alƙalan majistare suna zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata kamar yadda dokar 2015 ta ce.

Ƙanin nawa ya koma shago, amma yanzu ko wayar liman ce ba ya karɓa sai da kwali ko rasit.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano