Babana, dakata da sayen gidan nan tukuna

Assalamu alaikum Babana, ya sanyin Amurka, ya mai ɗakinka da yaran? Mamanka ta kunna min saƙon da ka turo, wai za ka ci bashin banki ka sayi gida saboda wani katafaren kamfani zai zo garinku, ƙaramar hukuma ta yafe masa haraji na shekaru, gidaje za su yi tsada. To ni dai hankalina bai kwanta ba.

Shekarun da na yi a sashen tara haraji na ƙaramar hukuma sun koya min abu ɗaya, in aka yafe wa babba to wurin ƙarami ake cike gurbin. Hanyar da tireloli za su bi, bututun ruwa, ƙarin ajujuwa na 'ya'yan ma'aikata, wa zai biya? Kai da bakinka ka ce min makarantunku da harajin gidaje ake tafiyar da su, kenan kai mai sabon gida kai ne a layin gaba.

Ka bincika labarin Foxconn, kamfanin haɗa kayan lantarki, a jihar Wisconsin. A 2017 suka yi alkawarin zuba dala biliyan 10 da ɗaukar mutum 13,000, jiha ta amince da rangwamen kusan dala biliyan 3, garin Mount Pleasant, inda za a gina masana'antar, ya ciwo bashi ya sayi filaye, aka tashi mutane daga gidajensu, har Trump ya je ya kama shebur a bikin fara ginin a 2018 ana ta tafi. Da aka sake zama a 2021 ayyukan sun koma 1,454. Ita jihar da sauƙi don ta ɗaura rangwamenta a kan yawan waɗanda aka ɗauka aiki, amma garin ya riga ya kashe nasa.

Ba cewa nake duk ƙarya ba ne, wasu suna zuwa kuma a amfana. Amma ka je ofishin kansilolinku ka nemi yarjejeniyar ka karanta da idonka, shekara nawa aka yafe, albashi nawa za su biya, 'yan gari za su ɗauka ko da mutanensu za su taho, kuma in sun saɓa akwai sharaɗin su dawo da kuɗin? Ka ci gaba da zaman hayarka har ka ga an daina yanka ribon an fara biyan albashi.

In ka samu takardar ka ɗauko min hotonta, tabarau na na nan. Mamanka na gaishe ku, ta ce yajin ya iso kuwa?

Mahaifinka