Mijina ya zuba kuɗin adashen mutane a cacar dawaki

Assalamu alaikum Anti, barka da war haka, ya aiki ya iyali? Don girman Allah ki sakaya sunana da garin da muke, ki ce wata baiwar Allah ce daga Ingila. Hausawan nan ba mu da yawa, kowa ya san kowa, kuma matan da abin ya shafa suna sauraron shirinki ta waya.

Kuɗin adashe ne, Anti, fam 3,600. Ni ce uwar adashe, mu goma sha biyu ne, kowacce tana zuba fam 300 a wata. An gama haɗa na watan Afrilu, saura in miƙa wa mai kwasa, na duba asusu na tarar babu. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Bari in koma baya don ki gane. Aikin kula da tsofaffi nake yi, yawanci na dare. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san wahalarsa ba: ki ɗaga wannan, ki wanke wancan, ki dawo da asuba ƙafa a kumbure, sannan ki shirya yara makaranta. Shi maigidan yana kai wa mutane kaya ne a mota. Ban taɓa yi masa gori ba, Allah shaida ne, duk da cewa tun zuwanmu albashina ne ke riƙe da kuɗin haya. Ɗan gidan dawaki ne, mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ba a hawan salla a garinsu babu shi, kuma a barga ya tashi. To wannan shi ne abin da yake taƙama da shi. Wai shi ya san doki, da ya ga tafiyarsa da yadda yake kaɗa kunne ya san ko zai ci. Ina ruwan dokin hawan salla da dokin Turawa mai tsallake shinge?

Irin wannan tseren daban ne da sukuwar da muka sani. A lokacin sanyi aka fi yinsa, dawaki su yi gudun mil biyu, uku, har huɗu, suna tsallake shingaye. Doki zai iya kasancewa a gaba tun farko, ya zo shingen ƙarshe ya ci tuntuɓe ya kifa da mahayinsa, shi ke nan kuɗin mutum ya tafi. Duk wannan dole ce ta sa na sani, don ba a wata hira a gidana sai ita. In aka yi ruwan sama ya ce ƙasa ta yi laushi, dokin wane zai ji daɗi. In ba a yi ba ya ce ta yi tauri. Mutumin da bai san ajin da 'yarsa take ba ya haddace nauyin da aka ɗora wa kowane doki.

Wani abokinsa ne ya jawo mana wannan masifa, ba zan faɗi ƙabilarsa ba. Shi ya saka shi a wani zaure na Telegram inda wani da ba su taɓa gani ba yake ba su sunayen dawakin da za su ci, suna biyansa duk wata. Ranar da aka dace ya cika zauren da hotuna, ranar da aka faɗi ya yi gum, ko ya goge abin da ya rubuta. Na ce masa, Abban yara, in mutumin nan ya san gaibu, me zai yi da 'yan kuɗinku? Ya ce ba gaibu ba ne, lissafi ne, kuma wai ba caca ba ce tunda da ilmi ake yi. Na karanto masa ayar Suratul Ma'ida da ta haɗa giya da caca. Ya ce in bar masa malanta.

Abin da ya fi ƙona min rai, cikin azumi aka yi babbar ɓarnar. Akwai wani taron tsere na kwana huɗu da suke yi a Cheltenham duk watan Maris, na 2025 ya kama daga 11 zuwa 14, tsakiyar Ramadan. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, na zaci don ibada ne, har na yi murna. Ashe zaman waya zai yi. Ranar Talata akwai wani doki, Constitution Hill, wanda aka ce ba a taɓa kayar da shi ba. Mai ba su sunaye ya ce a rufe ido a zuba. Dokin ya faɗi a wani shinge. Wanda ya karɓi gaba, State Man, shi ma ya zo shingen ƙarshe ya faɗi. Wata goɗiya, Golden Ace, da ba wanda ya kula da ita, ita ta ci, wanda ya zuba mata fam ɗaya ya kwashi 25. Ina kicin ina dama kunun buɗa baki na ji ihu, na fito a guje na zaci yaro ne ya faɗo daga bene. Na same shi zaune a ƙasa, da azumi a bakinsa, yana zagin doki.

Ranar Juma'a kuma, daga masallaci ya dawo ya zuba a kan Galopin Des Champs, wai ya ci kofin zinare, babban tseren taron, sau biyu a jere, na uku tabbas ne. Ya zo na biyu. A makon nan kuɗin da muke tarawa na filin da muka fara biya a gida suka tafi. Ban sani ba a lokacin. Ce min ya yi an tura wa dillali.

Za ki ce to me ya sa na bar kuɗin mutane inda hannunsa zai kai. Anti, miji ne. Wace mace ce take kulle wa uban 'ya'yanta waya? Kuma a goman ƙarshe ya yi kuka, ya dafa Alƙur'ani ya ce ya bari, har da i'itikafi ya so shiga. Ko ke ce za ki yarda. Da salla ya saya wa yara kaya, ya kawo min leshi mai tsada, ya ce ƙarin aiki ya samu. Na ɗinka na saka na je idi da shi. Yanzu 'yar uwarsa tana cewa ai ni ma na ci. Ta yaya na ci abin da ban san tushensa ba?

Na manta ban ce ba, ita 'yar uwar tasa tana cikin adashen, kuma ita kaɗai ta sani zuwa yanzu. Shi ya faɗa mata, ba ni ba, kuma Allah kaɗai ya san yadda ya juya maganar.

Bayan salla da 'yan kwanaki aka yi wani taron a Aintree, kusa da Liverpool. Dokin nan dai da ya faɗi, Constitution Hill, aka sake fito da shi ranar Alhamis, mai ba su sunaye ya ce wancan tsautsayi ne, ba zai maimaita ba. Ya sake faɗuwa. Ranar Asabar 5 ga Afrilu aka yi babban tseren, Grand National, wanda dawaki sama da talatin suke tsallake shinge 30. Ragowar kuɗin adashen ya ɗora a kan I Am Maximus saboda shi ya ci a 2024. Ya zo na biyu, wani Nick Rockett ya ci. Duk a takardar banki na bi na ga shigar kuɗin kamfanin caca, rana bayan rana. Da na tare shi, ko kunya babu, cewa ya yi saura ƙiris, da ya ci da ya mayar da na fili da na adashe ban ma sani ba. Har yana cewa bakina ne, wai tun farko ban yi masa fatan alheri ba.

Wata abokiyar aikina ta ce akwai GamStop, mutum ya yi rajista a toshe shi daga shafukan caca na intanet na wata shida, ko shekara, ko shekara biyar, kuma banki ma yana iya toshe kati daga biyan kuɗin caca. Amma shi ne zai yi da hannunsa, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Shagunan caca kuwa ga su nan a kan titinmu, tsakanin mai sayar da naman halal da wurin wanki.

Wadda za ta kwashi wannan watan takardun zamanta za ta sabunta da kuɗin, ita da yaranta, kuma lokaci ya matso. Ta kira ni na ce banki ne ya riƙe. In na faɗi gaskiya na tona asirin uban 'ya'yana, gobe labari ya isa gida kafin in ajiye waya, Hajiyarsa kuma tana fama da hawan jini. In na yi shiru ni ce ɓarauniya. Na yi tunanin sayar da sarƙar da Innata ta bar min, ba za ta kai rabi ba, kuma don me gadon uwata zai biya bashin doki?

Yayansa nake so in kira, amma a gidansu ba a ganin laifinsa, cewa za a yi Turai ta buɗe min ido. Babana kuwa in ya ji, cewa zai yi in tattaro yara in dawo. Kuma akwai abin da ban faɗa ba: takardar zamansa a ƙarƙashin tawa take. In aure ya mutu, zamansa a ƙasar nan ya shiga matsala, kuma ya sani, shi ya sa jiya ya ce in na isa in gwada, duniya za ta ce na kawo shi na wulaƙanta. Ni ban ce ina son saki ba. Ban kuma ce ba na so ba.

Anti, me zan ce wa matar nan ranar Lahadi, don a gidana za a taru? Kuma ki tambayar min malamin da kike gayyata, leshin nan da na yi sallar idi da shi, ya matsayin sallata, kuma in ƙona shi ne ko in bayar?

Taki,
Baiwar Allah daga Ingila