Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Dakta Tedros, Shugaban Hukumar Lafiya Ta Duniya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibiti wanda ba shi da ɗakin gwaji, kuma maganar antibayotik ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kusan kullum sai uwa ta shigo da yaro a kafaɗa, majina na zuba, tari kwana biyu, jiki da ɗumi. In saurari ƙirjinsa, in ƙirga numfashinsa, in ga lafiya lau. Mura ce, bairos ke kawo ta, amoksilin kuwa ko gezau ba ya sa bairos. Sai in ce a ba shi ruwa da farasitamol, a dawo da shi in numfashi ya yi sauri. Uwar ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Malama, maganin ke nan?" Na san tana fita za ta samo abin da na hana ta. Mura ta tafi don kanta, yabo ya tafi ga kwalbar amoksilin. Haka gudawar yara, wadda galibi ruwan gishiri da sukari da zink sun ishe ta, amma sai an haɗa da Flagyl hankali ke kwanciya.

Ban ga laifin uwar ba, tsoro ne. Ni ma wani lokacin tsoron ke sa ni rubutawa, don idan na yi kuskure ɗan wani ne zai kwana a ciki.

Kun fi ni sanin inda wannan ya kai mu. A 2019 kaɗai, ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye. Hukumarku ba ta yi barci ba. A 2017 kun raba magungunan antibayotik zuwa rukuni uku a tsarin AWaRe, wato na fara amfani, na sa ido, da na ajiya sai ta ɓaci, a 2022 kuma kuka fitar da littafin jagora. A Satumban 2024, a Majalisar Ɗinkin Duniya, shugabanni sun yi alkawarin kashi 70 cikin ɗari na abin da ake sha zai zama daga rukunin farko kafin 2030.

To, amma wa zai cika alkawarin? Mu ne, kuma lalube muke cikin duhu.

Kun yi aiki kan zazzaɓin cizon sauro tun kafin ku hau wannan kujera. Kun san yadda ɗan gwajin nan na ɗigon jini ya canza aiki: minti 15 zuwa 20, layi ya fito ko bai fito ba, in nuna wa uwa da idonta, gardama ta ƙare. Sai dai idan bai fito ba, da yawanmu antibayotik muke kamawa, don ba mu da abin da zai nuna mana ko bakteriya ce ko bairos. Roƙona shi ne ku sa ƙarfin ofishinku a samar da irin wannan gwaji mai araha, ya iso ƙananan asibitoci. Littafin AWaRe ma a taƙaita shi zuwa shafukan da za mu manna a bango, cikin harsunan da muke magana da majinyata.

Kuma don Allah, a garin hana shan barkatai, kada a manta da yaron da nimoniya ta kama da gaske, na buɗe kabad na tarar amoksilin ya ƙare.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya