Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Kallon Finafinan Japan

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Zan fara da kuɗin wata, domin shi ya riƙe mana ƙafa bana. Da yawanmu rabonsu da biya tun babbar sallah. Na kira waya, na tura saƙo ta WhatsApp, wasu har gida na bi su. Saboda haka masu tambayar abin da ya hana fassarar fim ɗin Harakiri kammaluwa su sani ba sakaci ba ne. Mun ci rabi sai kwamfutar da muke aro ta lalace, asusu kuma babu kuɗin gyara. Ban da haka, wannan fim na Masaki Kobayashi na 1962 magana ta fi saran takobi yawa a cikinsa, ba aikin garaje ba ne. Matashin da aka tilasta wa farke cikinsa da takobin gora ya sayar da na ƙarfen ne don ya kula da matarsa da ɗansa marasa lafiya. In fassara ba ta fito da wannan ba, gara a bar ta.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na azumi.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne daren Samurai Bakwai na Akira Kurosawa, fim ɗin 1954. Minti 207 ne, an ɗauke wuta a tsakiya, muka tayar da janareta, amma ba wanda ya tashi. Da aka nuno manoma suna cin gero don su ciyar da samurai, wato mayaƙan Japan na dā da suka ɗauko su kare musu ƙauye daga 'yan fashi, shinkafa, wani dattijo da ɗansa ya kawo ya ce, "Wannan yunwar na san ta." Ɗaki ya yi tsit. Haka kuma lokacin da Kambei, jagoran samurai ɗin, ya aske tukkunsa, alamar darajarsa, ya yi shigar malamin addininsu don ceto yaro daga hannun ɓarawo.

Bayan fim muhawara ta kai mu tsakar dare. Wasu suka ce sayar da rai a kan abinci sau uku a rana wauta ce. Ni ina tare da masu cewa alkawari ne aka ɗauka aka cika, ga kaburburan samurai huɗu da suka mutu shaida. Wata 'yar uwa ta tuna mana fushin Kikuchiyo, ɗaya daga cikin bakwai ɗin, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, inda ya ce samurai ne suka ƙona ƙauyuka suka koya wa manoma ƙarya da ɓoyo. Ba mu daidaita ba, kuma ban so mu daidaita ba.

Abin da ya yi mini ciwo shi ne, mutanen da ba mu gani ba duk shekara sun zo daren, sun zauna a gaba, sun tafi ba su ɗaga ko kujera ɗaya ba. Mu kaɗan ɗin nan dai muka share wurin.

Muna son nuna fim ɗin Yojimbo na 1961 baɗi, amma sai an biya bashi an gyara kwamfuta. Littafin kuɗi yana wurin ma'aji, kowa ya je ya duba sunansa kafin taro na gaba.